Makirufon da Kunne Ya Zaɓa

Kunne ba shi ne sunansa na gaskiya ba, amma ko matarsa in ta ji an kira shi da na gaskiyar sai ta waiwaya ta ga da wa ake. Mutum ne siriri mai dogayen hannuwa, kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu tudu, saboda shekara talatin da ɗaya da ta yi tana ɗauke da sanda. Aikinsa ɗaukar sauti. In za a ɗauki mutum a bidiyo yana magana, akwai mai kyamara, akwai mai ba da umarni da ake ce wa darakta. To shi Kunne shi ne wanda ke tsaye can gefe, hannu biyu a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare, riƙe da doguwar sanda mai makirufo a bakinta, yana rataye shi bisa kan mai magana daidai inda kyamara ba za ta gani ba. Duk wanda ya taɓa kallon aikinsu ya ji aikin Kunne, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Hakan kuma bai taɓa rage masa cin abinci ba.

Da gyaran rediyo ya fara, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum ya miƙe tsaye sai kansa ya gaisa da siminti. Wata rana wani mai ɗaukar bidiyo ya kawo rakodarsa, wai tana tsaki. Masu gyara uku sun duba sun ce lafiyarta ƙalau. Kunne ya saurara kaɗan, ya ce ba ruwan rakoda, waya ce ta karye daga ciki, kamu ɗaya daga bakinta. Aka fere wayar, sai ga karaya. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, me kake yi a ƙarƙashin bene?" Washegari ya rufe shago ya bi shi, bai sake komawa ba.

Wannan mutumin ya rasu da daɗewa. 'Yarsa ce ke riƙe da kamfanin yanzu, ita ce Darakta. Tun tana rarrafe take barci a kan buhun wayoyin Kunne, don haka har gobe Kawu take ce masa, ko da kuwa faɗa take yi.

Kowane mai sana'a da haukansa, na Kunne kuwa ɗaki ne. In aka shiga gidan da za a yi aiki, kowa yana gaisuwa, shi yana tsaye tsakar ɗaki ya karkace kai kamar kaza ta hango shaho. Sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurari yadda bango zai mayar masa. In ɗakin ya cika amsawa, ya sa a shimfiɗa bargo, a saki labule. Ya kashe fanka. Ya sauke agogon bango ya kai shi wani ɗaki ya kwantar kamar mara lafiya. Na ƙarshe firji: ya zare wayarsa, ya buɗe ƙofa, ya ajiye makullin babur ɗinsa a ciki kusa da kwalaben ruwa. Masu gida su yi ta kallon juna. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Ba ya iya tafiya gida sai da makulli, ba ya iya ɗaukar makulli sai ya buɗe firji, in ya buɗe kuwa dole ya tuna ya mayar da waya. Shekara talatin da ɗaya, ko tumatir ɗin mutum ɗaya bai taɓa ruɓewa saboda shi ba.

Matarsa tela ce, kekenta a barandar gida, Tela yake kiranta. Tun daga ƙofa, kafin ya yi sallama, sai ya ce, "Tela, kekenki na son mai." Ita kuma takan faɗa wa masu kawo ɗinki, a gabansa, "Wannan da kuke gani yana jin tarin sauro a ɗakin maƙwabta. Amma in na ce gas ya ƙare, nan take Allah ke ɗauke masa ji." 'Ya'yansu uku duk sun kama gabansu. Gidan daga shi sai ita sai ƙarar keke.

Wata Litinin da hantsi Darakta ta kira shi ofishinta. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, kwamfuta biyu, lasifika biyu, da kujerar baƙi mai gurguwar ƙafa. Ta juyo masa da wayarta ta nuna masa hoton wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba.

"Kawu, ka san wannan?"

"Na san shi. Ɗan maƙale ne. A jikin riga ake sa shi, ya aika magana ta iska zuwa kyamara."

"Shi za mu saya. Masu ba mu aiki yanzu mutum biyu suke so, a shiga a fita kafin shayi ya huce. Ni kuma ban san mai kyau ba, duk kwalinsu ƙarya yake yi. Kai za ka zaɓo mana."

Ya gyara zama a kan gurguwar kujerar. Ita ma ba ta iya kwana-kwana ba, halin ubanta ne.

"Ranar Alhamis muna da hira da wani tsoho. Za mu ɗauka da duka biyu, sandarka da ɗan maƙalen. In na ji bambanci, sanda tana nan. In ban ji ba..." Ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "Kafaɗarka ma ai ta gaji, Kawu."

"Ta kawo miki ƙara ne?"

Ta ci gaba da gyara takardunta. Ya ɗauki hularsa ya fita. Magana dai ta fito fili: an aike shi ya zaɓo wanda zai gaje shi, an kuma ce ya zaɓo na kirki.

Shagon kayan sauti yana kan babban titi, tsakanin mai sayar da tayoyi da kantin magani. Mai shagon ana ce masa Ɗan Kwali, don bai taɓa yabon kaya ba sai kwalinsu. Da ganin Kunne ya ce, "A'a, yau surukin fankata ne da kansa. Kashe ta, kashe ta, na san ba za ka zauna lafiya ba sai mun yi gumi."

Ya zube masa iri uku a kan tebur. Na farko mai ƙyalli ne, da 'yan fitilu shuɗi da kore suna ƙifta ido. "Wannan shi ake yayi," in ji Ɗan Kwali. "Dubi kwalinsa kawai. Har hannu gare shi."

Kunne bai dubi kwali ba. Ya sa abin saurarensa a kunnuwa, ya maƙala wa Ɗan Kwali makirufon a wuyan riga, ya ce, "Yi magana."

"In ce me?"

"Abin da ka saba. Ƙarya ma ta isa."

Ɗan Kwali ya shiga yabon kwalayensa. Muryar ta iso kunnen Kunne kamar ta mutumin da ya cusa kai cikin gwangwani. Ya ce masa ya yi shiru, don shi a wajen shiru yake kama makirufo, can ne mara kirki ke huci kamar tayar da ta sha ƙusa. Na ƙyalli ya yi huci. Aka ajiye shi.

Na biyu murya ba laifi. Kunne ya ce, "Fita waje. Wuce mai taya. Juya min baya." Yana juya baya magana ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa, kamar mai shaƙuwa.

Na uku baƙi ne, mummuna, ba fitila ba ado, kwalinsa ma ya lotsa a gefe. Ɗan Kwali ya fita da shi har bakin kantin magani, ya juya baya, mota ta shiga tsakaninsu, yana ta mita wai ana wahalar da shi cikin rana saboda ciniki ɗaya. Kowace kalma ta iso sumul, har da ɗan tsakin da ya yi a ƙarshe, wanda ya zaci ba a ji ba.

Kunne ya cire abin saurare ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon na ƙyallin. Ba wanda zai zarge shi in ya ɗauke shi, shi ne ake yayi, mai shago da kansa shi yake turawa. Ranar Alhamis Darakta za ta ji muryar gwangwani, ta ce a'a, a bar mana sandarmu. Ya kai hannu har ya taɓa kwalin mai hannu.

"In naɗe maka shi?"

"Naɗe mini mummunan."

"Kai dai ba ka son abin arziki," in ji Ɗan Kwali, ya kunna fankarsa.

Da la'asar ya tarar da Tela tana yanka yadi a ƙasa, almakashi na tafiya. Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki ya gaya mata komai. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Wanne ka zaɓa?"

"Mai kyan."

"Mai kyan." Ta ajiye almakashi. "Malam, ni fa tun da na aure ka nake jiran ranar da wayo zai kama ka, ko da a kan kuskure. An ce ka kawo igiyar da za a ɗaure ka, ka tsaya kana ja kana gwada wadda ba ta tsinkewa."

"Amana ce aka ba ni."

"Amana. To ranar Alhamis wa zai maƙala wa tsohon?"

"Ni mana. Wa ya iya?"

"Alhamdu lillahi, ashe da sauranmu. Ni tela ce, na san abin da yadi ke yi. Ba sai ka yi wa kowa ƙarya ba. Sauke shi ƙasa da yatsa biyu, ka bar shi inda riga ke goga riga, ka koma wajen sandarka. Yadin zai yi maka sauran aikin."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ta ɗauka ya ji. Ya kuwa ji, don ji dai ba a fi shi ba. Amma ranar Alhamis da safe, bayan ya fita, ta ga kwandon ƙyallayenta an bincike shi, 'yan guntayen auduga masu laushi da takan ware gefe sun ragu. Ta tsaya tana kallon kwandon, ta ce, "Allah ya shirya," ta koma kan keke.

Tsohon da za a yi hira da shi direban motar asibiti ne da ya yi ritaya, shekara arba'in yana ɗaukar marasa lafiya. Falonsa ƙarami, kujeru uku, firji a lungu, hoton motar a bango. Da Kunne ya gan shi sai ya ji kamar Tela ce ta yi odarsa. Rigarsa ta sha sitati har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki. Gemu fari har ƙirji. Tabarau rataye a wuya da 'yar sarƙa. Ga shi kuma in zai ce "ni" sai ya buga ƙirji da tafin hannu. Duk abin da ɗan maƙale ya tsana a duniya, Allah ya tara shi a jikin mutum ɗaya. Murya kuwa ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tayar da mara lafiya.

Kunne ya tafa, ya kashe fanka, ya sauke agogo, ya sa makulli a firji. Tsohon ya bi shi da kallo.

"Ɗan nan, in ƙishi kake ji ka faɗa. Ruwan ba na kullewa ba ne."

Mai kyamara, wani ƙato mai yawan dariya da ake kira Langa, ya ce, "Baba, rabu da shi, ajiyar banki yake yi."

Kunne ya durƙusa gaban tsohon da ɗan maƙale a hannu. Ya sa shi ƙasa da yatsa biyu, daidai inda shafin riga ke hawa kan ɗan'uwansa, ƙarƙashin gemu, kusa da tabarau. Ya koma ya sa abin saurare. Tsohon ya numfasa kawai, kunnen Kunne ya cika da ƙara kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Daidai yadda Tela ta ce. Ba wanda ke ji sai shi kaɗai.

"Kawu, mun shirya?" in ji Darakta.

Kalma ɗaya ta rage masa. Ya buɗe baki, ya ce, "Baba, ɗan yi magana in ji."

Tsohon ya dubi hoton motar. Ya ce, a hankali, "Wanda ke ihu a baya ba ya ba ni tsoro. Wanda ya yi shiru, shi nake taka wa mota."

Rabin maganar ƙarar buhun nan ta cinye. Kunne ya ji ta ne kawai don ɗakin ƙarami ne. Ya tsaya. Shi dai bai san ya yanke wata shawara ba, ya ga kansa ne a durƙushe kuma.

"Minti biyar," ya ce.

Ya zaro guntun auduga daga aljihu, ya naɗe ɗan maƙalen ya bar masa baki kawai. Ya manna shi da filastar asibiti daga cikin riga, sama da inda yake, a gefen da gemu ba ya sharewa. Ya manne shafin rigar biyu da juna don kada su yi gulma. Ya lanƙwasa 'yar wayar ya yi mata zobe, ya danne, yadda ko an ja ta ƙarar ba za ta hau sama ba. Ya roƙi tsohon ya cire tabarau ya sa a aljihu. Saura bugun ƙirji. Ya waiga, ya hango tsohuwar hular aikin direban a kan firji, ya ɗauko ya sa masa a hannu.

"Baba, riƙe wannan, za ta yi kyau a hoto."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu yana shafa bakinta. Har aka gama bai saki ba, ƙirji ya huta.

Sannan Kunne ya ɗaga sandarsa. Minti hamsin tsohon yana magana, minti hamsin hannuwan suna sama, ba su yi rawa ba. Da aka gama ya ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya, ya ɗauki shirun ɗakin, don masu haɗa hoto su sami abin cike gurbi. Ya mayar da agogo, ya kunna fanka, ya ɗauki makullinsa mai sanyi, ya mayar da wayar firji.

Washegari suka zauna a ofis su uku. Darakta ta rufe ido, Langa yana sauya mata, wannan sanda, wannan maƙale, ba tare da ya faɗi wanne ne ba. Ta saurara sau huɗu. Ta nuna ɗaya ta ce shi ne sanda. Langa ya ce a'a. Ta sake, ta sake faɗuwa.

"Kawu, kai kana jin bambanci?"

"Ina ji. Na sanda yana da ɗaki a cikinsa, kana jin mutum zaune a wuri. Na maƙale murya ce kawai."

"Mai kallo a waya zai ji?"

"Ba zai ji ba."

Ta jinjina kai tana kallon ɗan baƙin abin a kan tebur. "Kai, amma abin nan yana da kyau. Ka ga rigar tsohon nan kuwa? Ko ƙas bai yi ba."

Kunne ya dubi guntun filastar da ta rage manne a yatsansa, ya murje ta, ya sa a aljihu. Ba a tambaye shi ba, shi kuma bai saba faɗin abin da ba a tambaya ba.

An sallame shi da mutunci, ba za a ce ba a yi ba. An sha lemo, an ɗauki hoto, karo na farko da fuskarsa ta shiga kyamarar kamfanin. Darakta ta yi ƙwalla, ta gaskiya ce kuma. Ta ce sandar tasa ce, ya tafi da ita. Ya ɗaure ta a jikin babur ya kai gida. Tela ta auna ta da ido, ta ga tana zugewa tana tsawo, ta ce, "To, aƙalla ita za ta ci gaba da aiki." Ta tokare igiyar shanya da ita.

Sati shida yana zaune a baranda. Ya gyara rediyon maƙwabta duka, har waɗanda ba su lalace ba. Ya zuba wa keken Tela mai har ta ce zai zame daga ƙarƙashinta. A sati na bakwai Langa ya zo da hantsi, ba dariya a fuskarsa, ya gaishe da Tela, ya zauna a bakin dakali yana murza hula.

"Kawu, abin nan fa ya ƙi. Aiki uku ke nan ana dawo mana da shi. Ƙara kamar ana soya abu. Darakta ta ce ka zo." Ya sake murza hular. "Kuma gara ka ji daga bakina. A ofis ana cewa da gangan ka zaɓo mana mara kyau, don a neme ka."

Tela ta tsayar da keke. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ka gani? Laifin da ka ƙi yi, ga shi an kawo maka har gida kyauta."

Da ya shiga ɗaki sa riga ta bi shi. Ta rage murya, abin da ba ta saba ba. "Saurara. Allah ya sake buɗe maka ƙofa, kada ka ce iska ce ka rufe. Ka je ka gyara musu, amma ka juya baya in kana yi. Su san sai da kai. Kowane mai sana'a yana da abin da yake rufewa da tafin hannu. Ni kaina akwai yankan wuyan da ko 'yata ban koya wa ba."

"Na ji," ya ce.

A ofis Darakta ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta kunna masa aikin farko. Bai kai minti ɗaya ba ya ce, "Sitati." Na biyu: "Sarƙar wuya ce, tana bugunsa." Na uku ya ɗan daɗe. "Wannan firji ne. Kuma akwai agogo a bayan mai maganar, ta hagu."

Langa ya dafe kai. "Wallahi akwai."

"To Kawu," in ji Darakta, "me ya sa ranar tsohon nan bai yi haka ba? Rigarsa ta fi duk waɗannan."

To, yau dai an tambaye shi. Ya dubi ƙofa, ya dubi rigar Langa, wadda ita ma ta sha guga. Maganar Tela tana nan a kunnensa, ba abin da ya faɗi daga ciki. Ya sa hannu a aljihu ya zaro guntun auduga da filasta.

"Zo nan, ƙato. Tsaya a haske inda za ta gani."

Bai juya baya ba. Ya yi sau ɗaya a hankali, yana faɗin dalilin kowane abu. Ya cire, ya ce Langa ya yi a jikinsa shi Kunne. Yatsun Langa kamar ayaba, filasta ta manne masa a ko'ina ban da inda ake so. "Hannu ne wannan ko tafin raƙumi? Sake." Ya sake. Sau tara. A na goma Kunne ya saurara, ya juya, ya ɗaga hannu, ya numfasa da ƙarfi, ya ce, "Ya yi." Ya koya musu zoben waya, da abin ba mai bugun ƙirji ya riƙe, da makulli a firji. Kafin la'asar, abin da ya tara a shekara talatin da ɗaya ya koma hannun wani, ban da kunnen, wanda ba ya ciruwa.

Darakta ta raka shi har bakin matakala. Ta ce, "Kawu, ka yafe mana abin da aka faɗa." Ta ce in babban aiki ya zo za ta neme shi. Ta kuwa neme shi, sau biyu a shekarar. Ba muguwa ba ce. Motar dai mutum biyu take ɗauka yanzu.

Tela ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta ga aljihunsa ba ƙyalle, ta gane. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ba magana. A na uku ta jawo kwandon ƙyallaye, ta zauna tana yanka audugar murabba'i-murabba'i, daidai girman da ta ga yana ɗauka, tana jerawa goma-goma a 'yan ledoji.

"Na mene ne?"

"Tunda ka raba wa duniya asirinka, duniya za ta nemi ƙyalle. Kai wa Ɗan Kwali ya ajiye a kan tebur. Wani a gidan nan dole ya yi hankali."

Can shagon yake wuni yanzu, a kan benci kusa da ƙofa, abin saurare rataye a wuya. Masu ɗaukar bidiyo da waya, matasa da manya, sun ji labari, in za su sayi makirufo sai su ce a kira musu tsohon nan. Yakan tambaye su a ina za su yi aiki, cikin ɗaki ko bakin titi, mutum nawa ne, me mai maganar zai sa. Sai ya ce wa wani ɗan maƙale, ya ce wa wani kai naka na kan kyamara ne, ya ce wa wani ajiye kuɗinka, matsa kusa da mutumin kawai. Ɗan Kwali yana mita kullum, wai ana yawan kashe masa fanka an hana shi shan iska, an kuma bar masa masu ƙyalli suna tsufa a kan kanta. Amma duk ranar da Kunne bai zo ba sai ya aika a duba ko lafiya.

Rannan Langa ya biyo ta shagon sayen batir, yana ta haki.

"Kawu, dabararka ta kusa kashe ni jiya. Mun gama aiki, na nemi makullin mota sama da ƙasa. Awa guda! Har ƙarƙashin kujerun mutane na shiga. Sai da matar gidan ta je ɗauko mini ruwa don tausayi."

"Ka mayar da wayar firjin?"

Langa ya zabura. Ya ajiye batir ɗin a kan tebur ya fita da gudu.

Kunne ya bi shi da kallo har ya sha kwana wajen mai taya. Sannan ya karkace kai, ya saurara, ya ce wa Ɗan Kwali fankarsa na son mai.